Alexis Carrel: Likitan da ya buɗe hanyar adana sassan jikin ɗan Adam domin dashe

Daga lokacin da likitoci suka ciro huhu daga ƙirjin mamacin da aka bayar da sassan jikinsa, sa'o'i kaɗan ne ke hannunsu kafin su dasa shi a ƙirjin majinyacin da ke jira. Huhun da aka ajiye a cikin ƙanƙara kan jure sa'o'i shida zuwa takwas, daga nan sai ya fara lalacewa. Hanyoyi biyu ake bi a manyan asibitocin duniya wajen tsawaita wannan lokaci. Ta farko ita ce a sanyaya huhun har aikinsa ya lafa. Ta biyu kuwa a ɗora shi a kan na'ura da za ta riƙa tura masa ruwan abinci da iska, ya ci gaba da numfashi alhali ba ya cikin jikin kowa.

Hanyoyin nan biyu, da kuma salon ɗinkin da ake haɗa jijiyoyin jini da shi a ranar dashe, duk suna da tushe a ɗakin binciken mutum guda, wato Dokta Alexis Carrel, likitan fiɗa ɗan ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1944, ya kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1912. Duk da wannan hidima, ƙasarsa ta haihuwa ta goge sunansa daga tituna da makarantu shekaru hamsin bayan rasuwarsa, saboda abin da ya rubuta game da mutanen da yake ganin ba su cancanci rayuwa ba.

Haihuwa da karatu

An haifi Alexis Carrel ranar 28 ga watan Yunin 1873 a Sainte-Foy-lès-Lyon, wani gari da ke gefen birnin Liyon a kudu maso gabashin Faransa. Liyon ta yi suna a Turai wajen saƙar alharini, mahaifinsa ma ɗan kasuwar masaƙa ne. Mahaifin ya rasu tun Alexis yana ƙaramin yaro, sai renonsa da na ƙannensa ya koma wuyan mahaifiyarsu, Anne-Marie Ricard, mace mai riƙo da ɗariƙar Katolika. Ta sa shi a makarantar limaman Jesuit da ke birnin, daga nan ya shiga Jami'ar Liyon, inda ya kammala digirin likitanci a 1900.

Yana ɗalibi ne wani abu ya faru a birnin wanda ya girgiza Faransa baki ɗaya. Ranar 24 ga Yunin 1894, Shugaban Ƙasa Sadi Carnot ya kai ziyara Liyon, sai wani matashi ɗan Italiya mai aƙidar ƙin kowace irin hukuma, Sante Caserio, ya daɓa masa wuƙa a ciki. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Manyan likitocin birnin sun kewaye shugaban, amma babu wanda ya iya ɗinke jijiyar, jini ya yi ta zuba har ya cika cikin daren. A wancan zamani likita kan ɗaure jijiyar da ta yanke ne kurum domin tsayar da jini. Idan kuwa jijiyar babba ce wadda rayuwa ta dogara a kanta, to ɗaurewar ma ajali ce.

Carrel, wanda a lokacin bai cika shekara 21 ba, ya tsaya a kan cewa da an san yadda ake ɗinke jijiya da shugaban ya rayu. Wannan tunani ne ya zama aikin rayuwarsa.

Darasin allura da zare

Matsalar ɗinke jijiyar jini ta kasu gida uku. Jijiya bututu ce mai laushi da santsi, tana da wuyar riƙewa. Idan an matse ɗinkin sai bututun ya tsuke, idan an sassauta sai jini ya yi yoyo. Sannan duk inda aka ƙuje fatar cikin jijiyar, ko zare mai kaushi ya taɓa jini, nan take jinin ke daskarewa ya toshe hanya. Malaminsa a Liyon, Mathieu Jaboulay, da wasu likitoci a Jamus da Amurka sun riga sun gwada dabaru iri-iri, amma nasarar ba ta cika ɗorewa ba.

Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa Carrel ya je wurin wata shahararriyar mai ɗinkin surfani a Liyon, Madam Leroudier, ya koyi sarrafa allurai masu siranta da zaren alharini. Ya yi ta gwaji a kan takarda har hannunsa ya faɗa. A 1902 ya wallafa dabararsa a mujallar likitocin Liyon. Yakan kawo bakin jijiyoyin biyu kusa da juna, ya sa ɗinki uku a wurare uku masu tazara daidai a kewayen bakin. Idan aka ja zarurrukan nan uku a lokaci guda, sai bakin da yake zagayayye ya koma mai kusurwa uku, da gefuna uku miƙaƙƙu. Daga nan likita zai bi kowane gefe ya ɗinke shi kamar yadda tela ke bin bakin ƙyalle, ba tare da allura ta kama bangon da ke baya ba. Yakan shafa wa zaren man baselin domin ya wuce ba tare da ƙuje jijiya ba, yakan kuma tsananta tsafta fiye da yadda aka saba a lokacin.

Da wannan dabara ne dashen sassan jiki ya zama abin da hannu zai iya yi, domin ƙoda ko zuciya ko huhu ba za su rayu a sabon jiki ba sai an haɗa jijiyoyinsu da na mai karɓa jini ya ratsa.

Daga Liyon zuwa Amurka

Ƙwarewar Carrel ba ta sama masa matsayi a gida ba. A 1902 ya raka wasu majinyata zuwa Lourdes, wurin ziyarar mabiya Katolika da ke kudancin Faransa, inda ya ga wata matashiya da ake ganin tarin fuka ya cinye mata ciki ta samu sauƙi cikin sa'o'i kaɗan. Ya bayyana abin da ya gani, ya ƙi cewa ƙarya ne, ya kuma ƙi tabbatar da cewa mu'ujiza ce. Wannan matsayi ya ɓata wa limamai rai, ya kuma fusata manyan likitocin Liyon, waɗanda galibinsu a lokacin ke adawa da tsoma bakin coci a harkar ilimi. Da ya ga ƙofar samun muƙami a asibitocin birnin ta rufe, sai ya bar Faransa a 1904 ya nufi Montreal a Kanada, har yana tunanin barin likitanci ya koma kiwon shanu.

Wata lacca da ya gabatar a Montreal kan ɗinkin jijiya ce ta jawo hankalin likitocin Amurka. Ba a daɗe ba ya samu wuri a Jami'ar Shikago, inda ya haɗu da wani matashin masanin aikin jiki, Charles Guthrie. Cikin shekarun 1905 da 1906 su biyun sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kan dabbobi. Sun cire ƙoda sun mayar, sun sauya wa ƙoda wuri, sun yi wa jijiya faci da guntun wata jijiya, sun yanke ƙafar kare sun sake haɗa ta. Sun kuma dasa zuciyar ƙaramin kare a wuyan babban kare, ta yi bugu na ɗan lokaci. A wani rahoto na 1907, Carrel ya bayyana yadda ya dasa zuciya da huhun ɗan kyanwa a wuyan babbar kyanwa. Zuciyar ta buga, amma huhun ya cika da ruwa ba da jimawa ba. Wannan cikar ruwa ita ce har gobe babbar barazana ga huhun da aka ciro domin dashe.

A 1906 Simon Flexner, shugaban Cibiyar Binciken Likitanci ta Rockefeller da ke New York, ya gayyace shi. A nan ya zauna fiye da shekara talatin. Ɗakunan fiɗarsa sun zama abin labari, domin ya sa an shafe bangonsu da baƙin fenti, ma'aikatansa kuma suna sa baƙaƙen riguna, don rage ƙyallin haske da kuma ganin ƙura da zarar ta sauka. Jama'ar New York sun fara jin sunansa ne a 1908, lokacin da wani likita ya roƙe shi ya ceci jaririyarsa mai kwana kaɗan da haihuwa, wadda jini ke ta zuba daga jikinta. A lokacin ba a san ajiye jini a leda ba. Carrel ya haɗa jijiyar hannun uban da jijiyar ƙafar jaririyar kai tsaye, jini ya gudana, yarinyar ta rayu.

Rayuwar da ke ɓoye a cikin sanyi

Da ya iya haɗa jijiya, sai wata tambaya ta taso masa. Idan likita yana buƙatar guntun jijiya domin yi wa majinyaci faci, ina zai samo ta a daidai lokacin? Wannan ne ya kai shi ga batun adanawa. Ya riƙa yanko jijiyoyin dabbobi yana sa su a cikin ruwan gishiri na musamman a kwalabe masu tsafta, yana ajiyewa a firji, a sanyin da ya ɗan ɗara na daskarewar ruwa. Bayan kwanaki, wani lokaci makonni, sai ya ɗauko su ya dasa wa wasu dabbobin, jini ya ci gaba da bi ta cikinsu. Ya lura cewa idan aka bari ƙanƙara ta kama naman sosai yakan lalace, haka ma idan aka tafasa shi ko aka zuba masa magunguna masu ƙarfi.

A wata maƙala ta 1910 ya kira wannan yanayi ɓoyayyiyar rayuwa. Abin da yake nufi shi ne mutuwar mutum da mutuwar sassan jikinsa ba sa zuwa a lokaci guda. Zuciya na iya tsayawa, amma ƙwayoyin halittar jijiya da fata da ƙoda suna nan da rai na wani lokaci. Sanyi yana rage saurin aikin da suke yi, don haka buƙatarsu ta iskar oksijin da abinci takan ragu, su daɗe ba su mutu ba. Ya yi hasashen cewa wata rana asibitoci za su riƙa ajiye sassan jiki a firji domin ranar buƙata. Ma'ajiyar fata da ta ƙashi da ta jijiya da ake da su a yau sun tabbatar da hasashen.

Bai tsaya ga sanyi ba. A 1912 da 1913 ya yi wani gwaji da ya fi kusa da abin da ake yi wa huhu a yau. Ya ciro kayan cikin kyanwa gaba ɗaya a haɗe, zuciya da huhu da hanta da tumbi da hanji, ya sa su a cikin akwati mai ruwan gishiri da ɗumi irin na jiki, ya zura bututu a maƙogwaro yana hura wa huhun iska. Zuciyar ta ci gaba da bugawa, hanjin yana motsi, huhun yana ba jini oksijin. A gwajin da ya fi daɗewa, kayan cikin sun haura sa'o'i goma suna aiki bayan mutuwar dabbar.

A wannan lokaci ne kuma, ranar 17 ga Janairun 1912, ya yanko ɗan guntun zuciyar ɗan tsako da ke cikin ƙwai ya sa a kwalba yana ciyar da shi. Mataimakinsa Albert Ebeling ya ci gaba da kula da naman har 1946, shekara 34 ke nan, jaridu kuma suka yi ta yayata cewa ƙwayoyin halitta ba sa mutuwa. Wannan da'awa ba ta tsaya ba. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna rabuwa ne kimanin sau hamsin sannan su daina. Masana da dama suna ganin sababbin ƙwayoyi ne ke shiga kwalbar Carrel ta cikin ruwan abincin da ake tatsowa daga ƙwai.

A ƙarshen 1912 aka ba shi lambar Nobel saboda aikinsa kan ɗinkin jijiya da dashen jijiyoyi da sassan jiki. Yana da shekara 39, kuma wannan ne karo na farko da lambar likitanci ta je ga aikin da aka yi a Amurka. Ba a haɗa da Guthrie ba, abin da ya bar ƙorafi a tsakanin waɗanda suka san irin gudummawar da ya bayar a Shikago. A 1913 Carrel ya auri Anne-Marie de la Motte de la Meyrie, wata bazawara Bafaranshiya. Ba su haihu tare ba.

Katangar da ta tsayar da shi

Duk da yabon da ya sha, Carrel ya san inda aikinsa ya tsaya. Idan ya cire ƙodar kare ya mayar wa karen, takan yi aiki har tsawon rayuwarsa. Idan kuwa ya dasa ta a jikin wani karen, sai ta yi aiki na kwanaki ta mutu, komai kyan ɗinkin. A wani taron likitocin fiɗa na duniya da aka yi a New York a 1914, ya bayyana cewa an gama da ɓangaren hannu na dashe, abin da ya rage shi ne gano yadda za a hana jiki yaƙar abin da ya ɗauka baƙo ne. Wani abokin aikinsa a Rockefeller, James Murphy, ya riga ya nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke wannan yaƙi. Sai dai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a shekarar, bincike ya watse, aka ɗauki kusan shekara arba'in kafin a koma kan batun gadan-gadan.

Yaƙin ya riske shi yana hutu a Faransa, sai aka sa shi a rundunar likitocin soja. Sojoji na mutuwa da yawa sakamakon ruɓewar raunuka, domin harsashi da ɓaraguzan bam kan shigar da ƙasar gona mai taki cikin nama, ga shi ba a gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin ba. A wani asibiti da ke Compiègne, kusa da fagen daga, shi da masanin sinadarai ɗan Ingila Henry Dakin suka fito da wata hanya. Za a yanke ruɓaɓɓen nama, a zura ƙananan bututun roba cikin raunin, a riƙa wanke shi duk bayan sa'o'i biyu da ruwan sinadarin kulorin mai rauni, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ƙona nama ba. Ba a rufe raunin sai an duba a madubin likita an ga ƙwayoyin cutar sun ragu. Hanyar ta ceci rayuka da gaɓoɓin sojoji masu yawa, kuma har yanzu ana amfani da ruwan Dakin wajen wanke miki.

Likita da matuƙin jirgin sama

Bayan yaƙi Carrel ya koma New York da burin rayar da cikakken sashen jiki na tsawon kwanaki a wajen jiki. Abin da ya gagare shi shi ne famfo. Duk na'urar da aka ƙera masa, ƙwayoyin cuta kan shiga ta cikinta su kashe naman.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Charles Lindbergh, Ba'amurken da ya tuƙa jirgin sama shi kaɗai daga New York zuwa Faris ba tare da yada zango ba a watan Mayun 1927, yana da damuwa a gida. Yayar matarsa, Elisabeth Morrow, tana fama da ciwon zuciya, likitoci kuma sun ce ba za a iya yi mata tiyata ba, domin babu yadda za a tsayar da zuciya a gyara ta ba tare da mutum ya mutu ba. Lindbergh, mutumin da ya saba da injina, ya ga ai famfo ne ake buƙata wanda zai riƙe aikin zuciya na ɗan lokaci. Aka haɗa shi da Carrel a watan Nuwamban 1930. Carrel ya nuna masa cewa riƙe mutum guda a kan na'ura ya yi nisa, amma a fara da riƙe sashe ɗaya.

Lindbergh ya shafe fiye da shekara huɗu yana zane yana gwaji, wani gwanin sarrafa gilashi na cibiyar, Otto Hopf, yana ƙera masa. Elisabeth ta rasu a 1934 kafin a kammala. Na'urar da suka fito da ita a 1935 gilashi ce zalla, babu wani ƙarfe mai motsi da ke taɓa ruwan. Ana ajiye sashen jikin a ɗaki na sama, a haɗa jijiyarsa da bututu. Matsin iska mai zuwa bugu-bugu, kamar bugun zuciya, shi ke tura ruwan abinci daga ɗakin ƙasa ya ratsa jijiyar, ya dawo, ya sake zagayawa. Iskar kuma takan bi ta cikin auduga mai tsafta domin tace ƙwayoyin cuta, na'urar duka tana cikin akwati mai ɗumin jiki.

A watan Afrilun 1935 suka ɗora ƙullutun wuyan kyanwa, wanda likitoci ke kira tayiroyid, irin wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, ya yi kwana 18 da rai a cikin gilashin. Daga baya suka gwada zuciya da ƙoda da saifa da sauransu a ɗaruruwan gwaje-gwaje. Sun wallafa littafi kan aikin a 1938, mujallar Time kuma ta sa hotonsu da famfon a bangonta a watan Yunin shekarar. Na'urar ba ta taɓa ceton majinyaci ba, kuma ƙanana ne sassan da take iya ɗauka. Abin da ta tabbatar shi ne cewa sashen jiki zai iya rayuwa shi kaɗai muddin ana ba shi abinci da oksijin da ɗumi, ana kuma kare shi daga ƙwayoyin cuta.

Littafin da ya ɓata masa suna

A shekarar da famfon ya yi nasara, Carrel ya fitar da littafi da Faransanci da Ingilishi mai suna L'Homme, cet inconnu, ma'ana ɗan Adam da ba a san shi ba. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, aka fassara shi zuwa harsuna da yawa, har da Larabci. Masu karatu da dama sun so shi saboda sukar da ya yi wa wayewar zamani mai fifita abin duniya a kan ruhi. Amma a cikinsa Carrel ya goyi bayan aƙidar tace iri, wadda ke cewa mutane ba daidai suke ba tun daga halitta, don haka a ƙarfafa wa waɗanda ake gani nagartattu su hayayyafa, a hana raunana. Ya nemi a damƙa jagorancin al'umma a hannun wasu zaɓaɓɓun masana. Ya kuma ba da shawarar a riƙa kashe masu manyan laifuka, da masu taɓin hankalin da suka aikata laifi, da iskar guba a wasu ƙananan cibiyoyi. A gabatarwar bugun Jamusanci na 1936 ya yaba wa matakan da gwamnatin Jamus ke ɗauka kan masu naƙasa da masu taɓin hankali, a daidai lokacin da gwamnatin Hitler ke yi wa dubban mutane tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya a ƙarƙashin dokar 1933. Tsakanin 1940 da 1941 gwamnatin ta kashe masu naƙasa da majinyata kimanin 70,000 da iskar guba.

Aƙidar tace iri ta yaɗu a tsakanin masana a Turai da Amurka a wancan zamani, ba Carrel ne ya ƙirƙiro ta ba, ba shi kuma da hannu a kisan da aka yi a Jamus. Sai dai ya ara mata sunansa da darajar lambar Nobel, littafinsa kuma ya kai ta gidajen da ba za ta shiga ba.

A 1939 Cibiyar Rockefeller ta yi masa ritaya bisa ƙa'idar shekaru, aka rufe sashensa, abin da ya ɓata masa rai matuƙa. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ya koma gida a 1941. Gwamnatin Marshal Philippe Pétain da ke Vichy, wadda ke haɗa kai da 'yan mamaya, ta kafa Gidauniyar Nazarin Matsalolin Ɗan Adam a watan Nuwamban 1941, ta naɗa shi shugabanta. Gidauniyar ta yi bincike kan abinci da lafiyar yara da yawan jama'a da yanayin ma'aikata. Da aka 'yantar da Faris a watan Agustan 1944, sai sabuwar hukuma ta dakatar da shi bisa zargin haɗa kai da abokan gaba. A lokacin ciwon zuciya ya riga ya kwantar da shi. Ya rasu a Faris ranar 5 ga Nuwamban 1944 yana da shekara 71, ba a kai ga gurfanar da shi a kotu ba. An binne shi a tsibirin Saint-Gildas da ke gaɓar Brittany, inda yake da gida.

Shekaru da dama ana girmama sunansa, har aka sa wa wani rami a duniyar wata. Amma a farkon shekarun 1990 muhawara ta taso a Faransa kan rubuce-rubucensa. A 1996 Jami'ar Liyon ta cire sunansa daga tsangayar likitancinta, birane da dama kuma suka sauya wa titunan da ke ɗauke da sunansa suna.

Abin da huhu ya gada daga gare shi

Huhu ya fi sauran sassa wuyar sha'ani. Nama ne mai laushi kamar soso, cike da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska masu siraran bango, kuma a buɗe yake ga iskar waje da ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Mamacin da za a ɗauki huhunsa galibi ya yi kwanaki a kan na'urar numfashi, huhun ya tara ruwa ko ya kamu da cuta. Shi ya sa a ƙasashe da yawa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na huhun da aka bayar ake iya dasawa.

Likitan Rasha Vladimir Demikhov ya dasa huhu a jikin kare a 1947. Ranar 11 ga Yunin 1963, James Hardy na Jami'ar Mississippi a Amurka ya yi dashen huhu na farko ga ɗan Adam, majinyacin ya rayu kwana 18. Gwaje-gwajen da suka biyo baya cikin shekara ashirin kusan duk sun ci tura, har sai da aka samu maganin saikulosporin mai danne garkuwar jiki, wato amsar tambayar da Carrel ya bari a 1914. Ranar 7 ga Nuwamban 1983 Joel Cooper da tawagarsa a Toronto ta Kanada suka dasa huhu guda, majinyacin ya rayu fiye da shekara shida.

Tun daga lokacin, hanyar sanyi ce aka fi bi. Ana wanke jijiyoyin huhun da ruwan adanawa mai sanyi, a hura masa iska, a ɗaure maƙogwaron, a sa shi a jaka cikin akwatin ƙanƙara a kimanin digiri 4 na ma'aunin Salshiyas. Binciken da aka yi a Toronto a 'yan shekarun nan ya nuna cewa digiri 10 ya fi dacewa da huhu, yana kuma ba da ƙarin sa'o'i, abin da ya dace da lurar Carrel cewa sanyin da ya wuce kima ɓarna ne.

Hanyar famfo kuwa ta dawo ne a 2000, lokacin da Stig Steen na Jami'ar Lund a Suwidin ya gwada huhun wani mamaci a kan na'ura kafin ya dasa shi. Tawagar Shaf Keshavjee a Toronto ta faɗaɗa dabarar. Ana ajiye huhun a ƙarƙashin murfi mai haske a ɗumin digiri 37, na'urar numfashi tana hura masa iska, famfo yana zagaya da ruwan abinci na sa'o'i huɗu zuwa shida. Likitoci na auna yadda yake ba da oksijin, su ɗauki hotonsa, su leƙa cikinsa, ruwan da ya tara kuma yakan janye. A rahotonsu na 2011, daga huhun mamata 23 da ake shakkar ingancinsu an dasa na 20 bayan gwajin, sakamakon kuma ya yi daidai da na sauran majinyata.

Ɗinkin Carrel ma ya iso Najeriya. Dashen ƙodar da aka fara a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, da wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, duk sun dogara ne ga haɗa jijiya da jijiya a kan ƙa'idojin da ya shimfiɗa.

Abin da likitancin dashe ya ƙi karɓa daga gare shi shi ne ma'auninsa na darajar mutane. Bayan abin da likitocin Nazi suka aikata, an kafa Ƙa'idar Nuremberg a 1947, wadda ta sa yardar mutum ta zama sharaɗin farko kafin a yi gwaji a jikinsa. A yau ba a ɗaukar huhun mamaci sai bisa dokar da ta tanadi yardarsa ko ta iyalansa, kuma ana raba shi ne bisa tsananin ciwon mai jira, da dacewar rukunin jini da girman ƙirji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ita ma ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam. Da yawa daga cikin waɗanda ake dasa wa huhu a yau mutane ne da aka haifa da cututtukan gado, irin waɗanda masu aƙidar tace iri suka so a hana haihuwarsu, kuma da ɗinkin Carrel ake ceto su.